Yadda muka fitar da iska daga birkin bagi a Garwa

Duk mai irin ƙananan motocin nan na shiga rairayi da ake kira bagi, ko a nan Garwa ta Kamaru yake ko Marwa ko can Njamena, ya san ba su da garejin da za a ce nasu ne. Ka kai wa mai gyaran babur ya ce ai wannan mota ce, ka kai wa mai gyaran mota ya ce ai injin babur ne a ciki. Da birkin tamu ya sha iska a watan Maris ɗin da ya wuce, sai da na zagaya tsakanin ɓangarorin biyu, kuɗi suka fita, man birki ya tsiyaye a ƙasa kwalba guda, kafin aka dace da wanda ya san inda iskar take ɓuya. Na rubuta yadda abin ya kasance daki-daki ne don wanda zai shiga irin wannan hali ya san abin da zai nema da abin da zai ƙi.

Bagin ta kawuna ce, ƙirar Chaina, mai injin 250cc, ta hannu ya saya. Da ita muke zuwa gonar albasa da ke gefen Binuwai bayan Pitowa, domin akwai mayo, wato rafi, da ake tsallakawa wanda rairayinsa ke kama ƙaramar mota. Tsarin birkinta mai sauƙi ne in mutum ya leƙa ƙarƙashi. Feda ɗaya ce, tana tura masta ɗaya, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi, mastan yana da ɗan kofin mai a kansa da baki uku. Baki biyu na zuwa tayoyin gaba, kowace taya da faifanta da kalifarta, wato ƙarfen da ke matse faifan da takalman birki, na ukun kuma doguwar tiyo ce da ke bin ƙarfen jikin motar har baya, inda faifai ɗaya tal ke kan sandar da ke juya tayoyin baya biyu. Wannan doguwar tiyo ce kututture ya kama ya yage lokacin da ƙanena ke dawowa daga gona. Da ya ji feda ta faɗa ƙasa sai ya yi ta takawa don ya samu ya tsaya, kuma ba laifinsa ba ne, kowa haka zai yi. Sai dai kowane taku yana watsar da mai ta inda ya yage, yana kuma zuƙo iska ta cikin kofin da ya ƙafe. Allah ya kiyaye, rairayi ne ya tsayar da shi.

Ba mu yarda a tuƙo ta ba birki ba. Na yi hayar a-kori-kura a kan sefa 10,000, muka ɗora ta muka ɗaure. Kawu ya ce in tafi da takardar sayen motar da ta kwastan, kuma shawararsa ta yi amfani, domin a shingen hanya kafin shiga gari jandarma sun nemi ganinsu, suka duba suka miƙo mini muka wuce.

Neman tiyo ne ya fara cin lokaci. Na kwance tsohuwar na riƙe a hannu, na bi shagunan kayan babur da na mota. Kan tiyon irin mai zobe ne wanda kusa mai rami ke ratsawa, mai milimita 10, irin na birkin gaban babur, saboda haka kan ba shi da wuyar samu. Tsawon ne babu. Tiyon babur bai kai rabin abin da muke buƙata ba. Wani ya nuna mini wurin masu matse tiyon tarakta da manyan motocin gini, suka ce za su yanka mini daidai tsawon su matse kan, a ranar in karɓa. Na so in amince don na gaji da yawo cikin rana, amma wani dattijo direban babbar mota da ke zaune a wurin ya ce, “Yaro, tambaye su ko tiyon na man birki ne.” Da na tambaya sai mai wurin ya faɗa mini gaskiya, tiyonsu na man haidirolik ne irin na tarakta, robar cikinsa ba a yi ta don man birki ba, a hankali man zai cinye ta. Na gode masa da bai ɓoye ba. Daga nan na auna tsohuwar da igiyar awo, na ɗauki hoton kan biyu da yadda kowanne ya lanƙwasa, na tura wa wani ɗan'uwa a Duwala ta WhatsApp. Ya samo a kan sefa 12,000, na tura masa ta Orange Money har da 2,000 na aike, ya sa a motar fasinja. An ce mini kwanaki kaɗan, amma sai da ya haura mako, ga albasa ana cirewa, ga kawu yana hayar babura suna jigilar ma'aikata. Ranar karɓa an nemi katin ɗan ƙasa da lambar rasit, kuma sunan da ke kan kwalin dole ya yi daidai da na katin. Wanda zai yi aike ya tabbatar an rubuta cikakken sunansa na kati, ba sunan da ake kiransa a gida ba.

Sayen man birki shi ma akwai abin lura. A marfin kofin tamu an rubuta DOT 3 ko DOT 4, wato nau'in man birkin da za a zuba. A shagon farko yaron shago ya miƙo mini wata kwalba mai koren mai, ya ce shi ma na birki ne. LHM ne, wanda aka yi wa tsofaffin motocin Citroën, kuma asalinsa man ƙasa ne. In ya shiga masta irin tamu robobin ciki za su kumbura su lalace, a wayi gari sai an canza komai. Haka man inji, haka man giya, ko ɗigo kada ya shiga. Akwai kuma DOT 5 mai ruwan shunayya, na silikon, shi ma ba a gauraya shi da sauran. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 su ne dangi ɗaya. Bambancinsu yana wajen jure zafi: sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, DOT 4 kuma 230. Amma man nan yana shan danshi daga iska, kuma in ya sha ruwa sai awon ya sauko zuwa wajen 140 da 155. Wannan ne dalilin da ya sa na ƙi wanda ake tsiyayawa a ƙananan kwalabe a bakin titi, ko da ya fi araha, tunda ba wanda ya san tun yaushe yake buɗe. Na sayi DOT 4 rabin lita mai hatimi a baki, sefa 3,000, da washa na jan ƙarfe sababbi guda shida a kan sefa 100 kowanne, domin kowace kusar tiyo tana son biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma tsoho in an riga an matse shi ba ya sake rufewa da kyau.

Garejin farko na masu gyaran ƙananan motoci ne. Sun ɗaura tiyo cikin ɗan lokaci, suka cika kofi, aka zaunar da wani yaro a kujera aka ce ya yi ta bugun feda. Yaron yana bugawa da sauri iya ƙarfinsa, maigidansa yana buɗe 'yar kusar fitar da iska da ke jikin kalifa yana rufewa, mai yana fesowa a ƙasa da kan taya. Aka zagaya gaba, aka koma baya, aka sake zagayowa. Ina tsaye tun hantsi har aka kira azahar. In an buga feda da sauri sai ta ɗan taso, a bar ta numfashi kaɗan a sake takawa sai ta nutse kamar an taka katifa. Kwalbar ta ƙare. Daga ƙarshe maigidan ya goge hannu ya ce masta ya mutu, sabo kuma sai an yi oda, wajen sefa 35,000. Na biya 5,000 na aikin da aka yi. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don kuɗin kaɗai ba. Mastan nan lafiyarsa lau har zuwa lokacin da kututture ya kama tiyo, ban ga abin da zai kashe shi yana ajiye ba, amma ba ni da hujjar da zan kare shi da ita, kuma ina tunanin wani sabon jiran aike da yadda zan gaya wa kawu.

Wani maƙwabcinmu mai sayar da kayan keke ne ya ce kafin in yi oda in kai wa wani tsohon bakanike a wajen Yelwa, wanda ya daɗe yana gyaran manyan babura da masu taya uku. Muka tura bagin da hannu da yamma. Na gaishe shi na ce, “Baba, an ce masta ya mutu.” Bai amsa ba. Ya zauna a kujera, ya ɗora ƙafa a feda a hankali, ya saki, ya buga ta sau da yawa har ta taso, sannan ya danne ya riƙe, ya yi shiru yana kallon ƙafarsa. Feda ta tsaya inda take ba ta ƙara sauka ba. Ya ce, “Ɗana, da robar masta ta mutu, yanzu da ƙafata tana tafiya ƙasa sannu a hankali. Wannan iska ce. Ka sayo wata kwalbar, ka dawo da sassafe kafin rana ta yi zafi.” Ya kuma aike ni in samo sabon babban sirinji a wajen masu maganin dabbobi, da tiyon ƙarin ruwa da alkol, wato sifirit na goge rauni, a kantin magani. Duka ba su kai sefa 2,000 ba.

Da safe abin da ya fara yi ya bambanta da na garejin farko tun daga tushe, bai taɓa tayoyi ba sam. Ya kwance tiyoyi uku daga masta, ya cire mastan gaba ɗaya daga motar. Ya nuna mini yadda aka ɗaura shi a karkace, kansa ɗaya ya ɗaga sama. Iska kullum sama take nema, in ji shi, ta hau wannan lungun ta zauna, fistin yana matsa ta tana ƙanƙancewa, a saki ta sake buɗewa, ko lita goma za a zuba ba za ta bi tiyo ta gangara ba. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa ƙarfin ƙafa ke isa taya. Iska kuwa tana matsuwa, sai ta shanye takun a hanya. Ya matse mastan a kwance daidai a kan teburinsa, ya yanka tiyon ƙarin ruwa gajeru uku, ya sa a kowane baki, ya lanƙwaso su suka koma cikin kofi, bakinsu a nutse cikin mai. Sai ya riƙa tura fistin da sandar katako sannu sannu, ya saki, ya jira kaɗan, ya sake turawa. Ina ganin kumfa manya suna bin tiyo suna fashewa a kofi, daga baya suka koma ƙanana, yana ɗan ƙwanƙwasa jikin mastan da gindin sukudireba, har mai ya riƙa zagayawa garau. Sannan ya toshe bakin uku da kusoshi da washa, ya miƙo mini sandar ya ce in tura. Na tura da dukkan ƙarfina, fistin ya motsa ɗan kaɗan ya ƙame. Ya ce, “To ga mataccen mastanka.” A lokacin ne hankalina ya kwanta.

Ya mayar da shi, ya ɗaura tiyoyi da sababbin washa, ya shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashi, domin man birki yana cin fenti. Ya sa guntun katako a ƙarƙashin feda don kada ta kai ƙasa ƙurmus. Dalilinsa shi ne a tsohon masta akwai ɓangaren ramin da fistin bai saba kaiwa ba, can tsatsa da datti ke taruwa, in an tura roba ta bi ta kansu tana iya yagewa, a kashe mastan da hannu wajen neman gyara shi. Ni ya zaunar a kujera. Ya sa sifana mai zobe lamba 8 a kan 'yar kusar iska, ya cusa tiyo mai haske a kanta, ɗaya bakin ya nutsa a kwalba mai ɗan mai a gindi. Umarninsa uku ne, taka, riƙe, saki. In taka a hankali in riƙe, ya buɗe kusar kwatan zagaye kawai, feda ta sauka a ƙarƙashin ƙafata, ya rufe, sai ya ce saki. Ya ja mini kunne cewa in na saki kafin ya rufe, iskar da muka kora za ta koma ta inda ta fita. Bugun sauri kuma da aka yi a can, ya ce farfasa kumfa yake yi su zama ƙanana su gauraye da mai, su ƙi fita. Yaronsa yana tsaye a kan kofi da kwalba a hannu, aikinsa kawai kada mai ya sauka ƙasa da rabi, domin in ya ƙafe sau ɗaya an koma farko.

Mun fara da baya don ita ce mafi nisa, sannan gaban da ya fi nisa da masta, sannan na kusa. Gaba biyu ba su ba da wahala ba. Man da ya fara fitowa baƙi ne, da alama tun daga masana'anta ba a taɓa canza na cikin kalifa ba. Feda ta fi da, amma har yanzu da saura. Baba ya kwanta a kan kwali ya leƙa baya ya daɗe, sannan ya kira ni in gani da idona. Kalifar baya an ɗaura ta ne a gefen faifai ta yadda 'yar kusar iskar take kallon gefe, ba a can ƙololuwa ba. Akwai sarari a cikin kalifar da ya fi kusar tsawo, nan iska ta taru, mai yana wucewa ta ƙarƙashinta ya fita tsaf ba kumfa, mutum ya ɗauka ya gama. Ya kwance kusoshi biyu da ke riƙe da kalifar, bai taɓa tiyo ba, ya zaro ta, ya cusa guntun ƙarfe mai kaurin faifai tsakanin takalman birki don kada fistin ya fito, ya juya ta a hannu har kusar ta koma sama. Ya ce taka. Da ya buɗe sai ga wata doguwar iska ta cika tiyo tana tafiya. Ya ce a gaba ma haka ke faruwa in wani ya musanya kalifar hagu da ta dama, kusar ta koma ƙasa, a yi ta fama ba a san dalili ba.

Doguwar tiyon tana da wani wuri da ta hau kan ƙarfe ta sake gangarowa, don haka ya ƙarasa da sirinji. Ya zuƙi mai mai tsabta, ya fitar da iskar sirinjin tukuna, ya haɗa da kusar baya, ya buɗe, ya tura mai daga ƙasa zuwa sama sannu a hankali, feda a sake. Yaron ya rage man kofi don kada ya malala, yana kallo ya ce, “Maigida, ga su nan.” 'Yan kumfa suka taso a kofi suka ƙare. Takalman baya kuwa sun jiƙe da mai tun ranar da tiyo ta yage, ya ce ba su da gyara, wanki ba ya fitar da man da ya shige su. Muka samu na babur masu siffa ɗaya a kan sefa 2,500, ya wanke faifan da alkol. Ya hana a kusanto da gas ko fetur.

Abu na ƙarshe da ya duba shi ne sandar da ke tsakanin feda da masta. Ya ce dole a bar mata ɗan wasa kafin ta taɓa fistin, domin a gindin kofi akwai wani ɗan rami da ke buɗewa in fistin ya koma baya sosai. In an ɗaure sandar tana danne fistin, ramin zai kasance a rufe, mai ba zai sauko ba, kuma in birki ya yi zafi sai ya kama taya da kansa. Ya daidaita ta, ya danne feda da sanda ya tokare da kujera, ya ce mu bar ta haka ta kwana, in akwai inda ke yoyo safiya za ta nuna. Washegari muka bi kowane mahaɗi da farar takarda, babu danshi. Feda ta tsaya tun a sama da tauri. Mun gwada a fili, da tafiyar ƙafa tukuna, sannan da ɗan gudu, tayoyi huɗu suka kama. Ya ce in ba shi 7,000, na ba shi ina jin ya rage wa kansa. Ya ƙara mana da ɗaure sabuwar tiyon ta saman ƙarfe, inda kututture ba zai kai gare ta ba.

Wanda birkin baginsa ya ƙafe gaba ɗaya, ya nemi a fara da masta a kan teburi kafin a je tayoyi, kuma kada ya biya kuɗin sabo sai an toshe bakinsa an gwada a gabansa, aikin minti kaɗan ne. Ya leƙa da idonsa ya ga inda kowace kusar iska take kallo. Ya sayi kwalba biyu tun farko, wadda aka buɗe kuma kada ya ajiye ta zuwa baɗi, musamman mu na bakin Binuwai da damina ke cika iska da danshi. Man da ya fita cikin kwalbar tara ba a mayar da shi kofi, ba a kuma zubar da shi inda dabbobi ke sha, guba ne. Masu ƙera motoci da yawa suna cewa a canza man birki duk shekara biyu, Baba kuwa ya ce motar da ke tsallaka ruwa da taɓo gara duk bayan damina. Sannan ba kowace matsala ce iska ba. In feda ta yi tauri amma mota ba ta tsayawa, takalma ne suka jiƙe da ruwa ko mai, ko sun cinye. Bayan tsallake mayo mai ruwa, mutum ya yi ɗan tafiya yana taɓa birki kaɗan kaɗan har su bushe, kafin ya kai gangara.